Amanar Gyaran Tsohon Littafi

Idan littafi ya daɗe a hannun jama'a har bugunsa ya ƙare, aka ƙudura niyyar sake buga shi, to wanda aka ɗora wa duba shi ya ɗauki amana mai nauyi, domin galibi mawallafin ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai kāre kalmarsa. Dubi littattafan Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa: Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta saboda gasar da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933, da Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Shi ya rasu a 1981, amma ana ta sake buga su.

Abin da ya wajaba tun farko shi ne a nemo bugu mafi tsufa, a yi muƙabala layi-layi, kamar yadda malamanmu na zaure suke yi wa littafin da aka kwafa, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana bin asali da ido. Dalili kuwa, kowane bugu yakan gaji kurakuran wanda ya gabace shi, sa'an nan ya ƙara nasa, balle yanzu da ake sake shigar da rubutu a kwamfuta, inda lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ take saurin faɗuwa, baƙi su wayi gari sun zama baki.

Gyaran ƙa'idar rubutu ba laifi ba ne. Da ana raba "ya ke", yau ana haɗe shi, ma'ana ba ta motsa ba.

Inda haɗari yake shi ne lafazin mawallafi. Akwai masu gyara, kuma niyyarsu kyakkyawa ce, waɗanda da sun ga sule da fam sai hannunsu ya yi ƙaiƙayin mai da su naira, alhali naira ba ta zo ba sai 1973. Ko su ga kalmar da samarin yau ba su sani ba su musanya ta da mai sauƙi. A ganina wannan ya fita daga gyara ya shiga tahrifi. Kalmar da ta tsufa haƙƙinta a bar ta a mazauninta, a yi mata sharhi a ƙasan shafi.

Ya kamata kamfanonin ɗab'i su riƙa faɗa a muƙaddima bugun da suka bi, da abin da suka taɓa.