Ababen hawa da suka fi dacewa da wutar lantarki

Abin hawa mai amfani da lantarki shi ne wanda injin lantarki ke juya tayoyinsa ko farfelarsa, a maimakon injin da ke ƙona fetur ko dizal. Wutar tana fitowa ne daga batirin da yake ɗauke da shi, ko daga wayar da aka shimfiɗa a kan hanyarsa. Ababen hawa ba su yi daidai ba wajen dacewa da wannan tsari. Waɗanda suka fi dacewa su ne marasa nauyi, masu gajeren zango, da masu bin hanya ɗaya kullum suna komawa inda za a yi musu caji. Masu doguwar tafiya da kaya masu nauyi, musamman jiragen sama da manyan jiragen ruwa, su ne suka fi wuyar mayarwa na batir.

Abubuwan da ake dubawa

Abu na farko shi ne nauyin batir. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 12, yayin da kilo ɗaya na batirin litiyam bai cika wuce rubu'in kilowat-awa ɗaya ba. Injin lantarki yana rage wannan tazara, domin yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa motsi, alhali injin fetur yana zubar da kashi biyu cikin uku ko fiye a matsayin zafi. Duk da haka, nisan tafiya yana ƙaruwa ne tare da girman batir, shi kuma babban batir yana cinye wurin kaya da fasinja.

Abu na biyu shi ne yanayin tuƙi. Idan aka taka birki, injin lantarki yana iya komawa kamar janareta ya mayar da wani ɓangare na ƙarfin tafiyar cikin batir. Ba ya kuma cin wuta sosai idan an tsaya a cunkoso. Saboda haka tuƙin cikin gari, mai yawan tsayawa da tashi, ya fi masa riba a kan gudu a babbar hanya.

Abu na uku shi ne kuɗi da wurin caji. Abin hawan lantarki yakan fi tsada wajen saye, amma ya fi arha wajen tafiyarwa, tunda ba ya buƙatar juyen baƙin mai, ba shi da fulogi, kuma sassansa masu motsi kaɗan ne. Wanda ke aiki da shi kullum ya fi saurin mayar da kuɗinsa.

Babura da kekuna masu ƙafa uku

Wannan rukuni ne ya fi kowane yawa a duniya. A ƙasar Sin akwai kekuna da babura masu lantarki sama da miliyan 300, a Indiya kuma kekunan haya masu ƙafa uku na batir sun haura miliyan ɗaya. Batirinsu ƙarami ne, ana iya caja shi da soket ɗin gida, ana kuma iya ɗaga shi da hannu. Hakan ya ba da damar musayar batir: direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Kamfanin Gogoro ya fara wannan tsari a Taiwan a 2015. A Afirka, Ampersand yana yi wa 'yan acaɓa irinsa a Ruwanda da Kenya, Spiro kuma a Benin da Togo da wasu ƙasashe. A Najeriya, tashin farashin fetur bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 ya ƙara jawo hankali ga babura da a-daidaita-sahu masu batir, sai dai ƙarancin wuta yana sa tashoshin caji su dogara da hasken rana.

Bas-bas na cikin gari da motocin raba kaya

Bas ɗin cikin gari yana bin layi sananne, yana tsayawa a kai a kai, kuma yana kwana a gareji ɗaya. Masu tafiyar da shi sun san adadin kilomitocin da zai ci a rana, don haka ana zaɓar batir daidai da aikin. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da dukan bas ɗinsa kusan 16,000 na lantarki a ƙarshen 2017, daga baya tasi-tasinsa suka bi sahu. Santiyago ta Chile da Bogota ta Kolombiya suna cikin biranen da suka fi yawan irin waɗannan bas a wajen Sin. A Dakar ta Senegal, layin bas mai tsawon kilomita 18 da ya fara aiki a 2024 gaba ɗayansa na lantarki ne.

Motocin raba saƙonni da na kwasar shara ma haka suke. Tun tsakiyar ƙarni na 20 ake raba madara gida-gida a Birtaniya da ƙananan motocin batir, saboda ba su da ƙara da asuba. A 2019 kamfanin Amazon ya yi odar motocin raba kaya 100,000 daga Rivian. A cikin rumbunan ajiya kuwa, injinan ɗaga kaya na batir sun daɗe da yaɗuwa, domin hayaƙi a rufaffen wuri haɗari ne ga ma'aikata.

Ƙananan motoci

Yawancin masu mota ba sa yin tafiyar da ta kai ƙarfin batir a rana guda, kuma motocin zamani da dama suna cin kilomita 300 zuwa 500 da caji ɗaya. Motar ta fi dacewa da wanda ke da wurin caji a gida ko a wurin aiki. A Norway, inda akasarin wuta ke fitowa daga madatsun ruwa, kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na batir ne zalla. Tsananin sanyi yana rage nisan da mota za ta yi, tsananin zafi kuma yana saurin tsufar da batir idan ba shi da tsarin sanyayawa.

Jiragen ƙasa

Jirgin ƙasa ya kauce wa matsalar batir, domin yana jan wuta kai tsaye daga wayar da ke samansa ko daga dogo na uku. Kamfanin Siemens ya nuna jirgin lantarki a Berlin a 1879. A yau kusan dukan layukan dogo na Suwizalan suna da lantarki, haka ma mafi yawan na Indiya, da layin Addis Ababa zuwa Jibuti mai tsawon kusan kilomita 750. Shimfiɗa waya yana da tsada, shi ya sa ake fara yin sa a layukan da jirage suka fi yawan bi.

Manyan motocin dakon kaya

Tirela mai doguwar tafiya tana buƙatar batir mai nauyin tan da yawa, da tashar caji mai ƙarfin gaske. Volvo ya fara ƙera manyan motocin batir da yawa a 2022, a shekarar ce kuma Tesla ya miƙa motocin Semi na farko. Sun fi yin aiki a gajeren zango, kamar daga tashar jiragen ruwa zuwa rumbun ajiya, ko tsakanin masana'antu biyu.

Jiragen ruwa da na sama

Jirgin fito da ke tsallaka ruwa tsakanin gaɓa biyu ya dace da batir, tunda yana yin caji duk lokacin da ya tsaya lodi. Jirgin Ampere na Norway, wanda ya fara aiki a 2015, yana ɗaukar motoci 120 a tazarar kusan kilomita 6. Jirgin dakon kaya da ke shafe makonni a teku ba shi da irin wannan dama.

A sama nauyi ya fi ko'ina tasiri. Jirgi mai amfani da mai yana rage nauyi yayin da man ke ƙonewa, batir kuwa nauyinsa ɗaya ne ko a cike ko a ƙare. Velis Electro na kamfanin Pipistrel, wanda ya samu lasisin hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai a 2020, kujera biyu gare shi, kuma bai kai awa ɗaya a sama. Ana amfani da shi ne wajen koyar da matuƙa. Don manyan jiragen sama da na teku, bincike ya fi karkata ga wasu nau'o'in makamashi, irin su man da ake samu daga tsirrai, haidurojin, metanol da amoniya.