Ƙananan Kalmomin da ke Juya Jimlar Turanci

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ko JAMB ya san irin tambayar nan da ake barin gurbi a tsakiyar jimla a ce ka cike. Sai ka ga an rubuta "No sooner had the teacher entered ___ the noise stopped", a ƙasa kuma an jera "when", "than", "then" da "that". Ɗalibi ya san ma'anar kowace kalma a jimlar, amma sai ya ɗauki "when" ya faɗi warwas. Amsar ita ce "than". Matsalar ita ce an koya masa kalmomi ɗai-ɗai, alhali mahaɗi da bayanau da aikatau a Turanci tare suke tafiya. Da zarar ɗaya ta shigo, sai ta tsara wa sauran inda za su zauna da siffar da za su ɗauka.

A ɗauki wannan misalin a warware shi. "Sooner" siffar kwatanci ce, kamar "bigger" da "faster", kuma a Turanci "than" ce ke bin kwatanci. Shi ya sa "no sooner" ba ta yarda da kowa sai ita. Amma "hardly" da "scarcely", waɗanda ke isar da saƙo iri ɗaya, babu kwatanci a jikinsu, don haka "when" suke ɗauka: "Hardly had we sat down when the light went off." Mu ma muna da irin wannan ɗauri. Bahaushe zai ce, "Zamanmu ke da wuya sai aka ɗauke wuta." Ba wanda zai cire "sai" ya sa "amma" a nan, ko da bai taɓa buɗe littafin nahawu ba, domin kunnensa ba zai yarda ba.

Akwai wani abu kuma a jimlar da ya fi zaɓen mahaɗi muhimmanci. An ce "had the teacher", ba a ce "the teacher had" ba. Aikatau mai taimako ya tsallake aikau ya zo gabansa, kamar ana tambaya, alhali ba tambaya ba ce. Dokar ita ce: idan bayanau mai ɗauke da korewa ya buɗe jimla, dole mataimakin aikatau ya riga aikau. Kalmomin da ke yin haka sun haɗa da "never", "seldom", "rarely", "hardly", "nowhere", "little" da "not only". "I have never seen such a crowd" jimla ce lafiyayya. Amma ka ɗauko "never" ka kai ta gaba don ƙarfafa zance, sai ta koma "Never have I seen such a crowd." Idan kuwa babu mataimaki a jimlar tun farko, sai a aro "do" ko "does" ko "did". "He seldom visits us" sai ta zama "Seldom does he visit us." Lura da harafin "s" ɗin nan na ƙarshen "visits". Ya bar wurinsa ya koma jikin "does", babban aikatau kuma ya tsaya tsirara. A nan ne da yawa suke zamewa, su rubuta "does he visits", su ɗora alama ɗaya sau biyu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, sai dai mu da wata hanya muke yin ta. Muna cewa "Sun zo jiya." Amma idan muka ɗauko "jiya" muka sa a gaba don jaddadawa, sai mu ce "Jiya suka zo." Kalmar da ta dawo gaba ta juya "sun" ta mai da shi "suka". Haka "suna zuwa kullum" ke komawa "kullum suke zuwa". Hausa tana canja lamirin lokaci, Turanci yana canja jerin kalmomi. A ganina, malamin da ya fara da wannan misali a aji zai rage wa kansa rabin wahala, domin yaro zai gane cewa abin da ake nema a wurinsa ya riga ya iya shi tun yana goye.

Daga ina Turanci ya samo wannan juyi? Gado ne. A tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila kafin mamayar Normandawa ta 1066 da ɗan lokaci bayanta, aikatau yakan zauna a gurbi na biyu a jimla, musamman idan kalma mai nuna lokaci ko korewa ce ta buɗe ta. Jamusanci da harshen Holan har gobe haka suke: Bajamushe yakan ce, a jerin kalmominsa, "jiya zo shi". Turanci ya saki wannan tsari sannu a hankali, zuwa wajen ƙarni na 15 ya kusa ɓacewa, sai ɓurɓushi da ya rage a tambayoyi, da bayan kalmomin korewa, da 'yan jimloli irin su "Here comes the bus." Aron "do" kuwa daga baya ya kankama, a ƙarni na 16 da na 17. Shi ya sa a wasannin Shakespeare ake cin karo da tambayoyi da korewa iri biyu, masu "do" da marasa ita.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne idan mahaɗi da korewa suka haɗu a baki ɗaya, kamar "not until" da "only when". A nan juyin ba ya faruwa nan take, sai an gama gangar farko. "Not until the rain stopped did we leave." Wato, sai da ruwa ya tsaya sannan muka tafi. Gangar "the rain stopped" tana nan yadda take, babbar ganga ce ta juye ta zama "did we leave". Haka nan akwai juyin da ke maye gurbin mahaɗi ɗungurungum. "If I had known" tana iya zubar da "if" ta zama "Had I known", wato "da na sani" ɗin nan tamu. Aikatau uku kaɗai ke da wannan izini, "had" da "should" da "were". Masu rubuta wasiƙun ofis sun san "Should you need more information" ko da ba su san dalilinta ba.

Sai kuma kuskuren da Hausa da kanta ke jefa mu ciki. Muna cewa, "Ko da yake ya gaji, amma ya ƙarasa aikin," kuma daidai ne, babu mai ɗaga gira. Ɗalibi sai ya kwashe wannan ya kai Turanci: "Although he was tired, but he finished the work." Turanci ba ya ɗaukar mahaɗai biyu a gaɓa ɗaya. Ko dai "although" ko "but", ɗaya ta isa. Haka "because" da "so" ba sa zama a jimla ɗaya suna aiki ɗaya.

"However" ma tana yaudarar mutane, don ma'anarta kusa take da ta "but". Amma ita bayanau ce, ba mahaɗi ba, kuma gwajin mai sauƙi ne. Tana iya yawo: "He was tired. He finished the work, however." Gwada kai "but" ƙarshen jimla ka ji yadda za ta yi. Tunda ba mahaɗi ba ce, waƙafi kaɗai ba ya isa ya ɗaure ta tsakanin ganga biyu, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin ta. Haka "therefore" da "moreover" suke.

Mahaɗan lokaci da sharaɗi kuma, irin su "when", "after", "as soon as", "if" da "unless", suna hana "will" shiga gangar da suka buɗe, ko da zancen na gobe ne. Ana cewa "When he comes, we will eat", ba "when he will come" ba. Mu ma ba ma cewa "idan zai zo za mu ci" da wannan nufi, "idan ya zo" muke cewa. Bambancin kawai shi ne Hausa ta ɗauki shuɗaɗɗen lokaci, Turanci ya ɗauki na yanzu. Sai dai a kula, idan "when" ta zo a cikin tambaya da aka sakaya, "will" tana dawowa: "I don't know when he will come."

Game da mazaunin bayanau, abu biyu sun wadatar a yau da kullum. Ba a raba aikatau da karɓau, don haka "She speaks English well" ake cewa, ba "speaks well English" ba. Kalmomin yawan faruwa kuma suna zuwa kafin babban aikatau amma bayan "is" da 'yan uwanta: "She always comes", "She is always late."

Wanda ya koyi juyin nan sabo-sabo yakan so ya cusa shi ko'ina. Wurinsa jawabi ne da rubutu mai nauyi, kuma sau ɗaya a shafi ya isa. Abin da ya fi shi fitowa a jarrabawa da hira shi ne korewar da ke ɓoye a cikin "hardly". "He works hard" yabo ne, mutum ne mai ƙwazo. "He hardly works" kuwa zargi ne, da ƙyar yake taɓa aiki. Saboda korewar tana ciki, ba a ƙara mata "not", kuma guntuwar tambayar da ake maƙala mata a ƙarshe ba ta ɗaukar korewa: "He hardly works, does he?"