Musayar Gado Tsakanin Zanzaro Mai Barbara da Maras Barbara

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san zanzaro mai ginin laka, ya kuma san rina mai harbi. Akwai wasu danginsu ƙanana waɗanda mace ke saka ƙwai a jikin wani ƙwaro, ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye shi. Manomin rogo a Obi ta Jihar Nasarawa yana cin moriyarsu ko da bai san sunansu ba, domin a shekarar 1981 cibiyar IITA ta Ibadan ta saki irin da ake kira Anagyrus lopezi, ya yaɗu a ƙasashen da ake noman rogo, ya karya lagon farin ƙwaron da ke naƙasa shukar. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda gado ke ratsawa tsakanin rukunoni biyu na waɗannan halittu.

2.0 Hanyoyin Haihuwa

A rukuni na farko, wanda za mu kira mai barbara, ƙwan da maniyyi ya shiga yakan zama mace, wanda bai shiga ba ya zama namiji. Anagyrus lopezi na cikin wannan rukuni. A rukuni na biyu, wato maras barbara, mace kan haifi 'ya'ya mata ba tare da namiji ba. Da farko an ɗauka cewa gadon rukuni na biyu a kulle yake, amma bincike ya nuna akwai ƙofofi.

3.0 Ƙofofin Musaya

Ƙofa ta farko ta bayyana a jinsin Trichogramma. A 1990 Richard Stouthamer da abokan aikinsa sun ba matan da ba sa barbara maganin kashe bakteriya, sai suka soma haihuwar maza. Daga baya aka tabbatar cewa bakteriyar Wolbachia ce ke juya ƙwan ya zama mace. A hamadar Mojave ta Amurka, matan da ke ɗauke da ita sukan sadu da maza, su yi amfani da maniyyinsu.

Ta biyu ita ce ta Venturia canescens a kudancin Faransa, inda maras barbara ya fi yawa a gidajen burodi da wuraren niƙa, mai barbara kuma a daji. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna macen da ba ta bukatar namiji tana iya karɓar gadonsa.

Ta uku ta fi ban mamaki. A 2011 Christoph Sandrock da Christoph Vorburger sun nuna cewa a jinsin Lysiphlebus fabarum ƙwayar gado guda ce ke hukunta lamarin. Jefi-jefi maras barbara takan haifi namiji, shi kuma ya kai wannan ƙwaya cikin ɗaya rukunin. Duk macen da ta gaje ta ta ɓangarori biyu sai ta zama maras barbara.

4.0 Kammalawa

Ga masu kiwon zanzaro don kare amfanin gona, kamar yadda ake sakin Habrobracon hebetor a gonakin gero na Maraɗi, batun yana da nauyi. Maras barbara ya fi saurin yawaita, tunda duk 'ya'yansa mata ne masu saka ƙwai, amma musayar gado ce ke ba zuriya damar jure sauyin yanayi. Ga masanin harshe kuwa, ya kamata kalmomin "mai barbara" da "maras barbara" su tsaya a matsayin siffofin yanayin haihuwa. Bai dace a mayar da su sunayen jinsi ba, domin jinsi ɗaya yana iya ɗaukar duka biyun.