Katin Awo: Abin da Layinsa ke Faɗa Game da Ke da Jaririnki

Uwargida, ko daga Kazaure kike zuwa awo, ko Babura, Roni ko Gwiwa, kin san katin da muke cikewa duk zuwa: nauyinki, awon hawan jini da girman ciki. Bayan haihuwa kuma jariri yana samun nasa katin mai zanen layuka. Sau da yawa nakan ga hankalin uwa ya tashi don lamba ɗaya ta fita daban.

Awo guda yana iya kuskure. Sikeli kan karkace, yaro kan yi ta motsi, ko ki iso a gajiye bayan doguwar tafiya a kan babur. Shi ya sa muke duba yadda layin ke tafiya wata bayan wata.

Masana lissafi masu bin diddigin yara don sanin nawa ke kai shekara biyar da rai suna fama da irin wannan. A ce jarirai biyar ne: kilo 3, 3.1, 3.2, 3.3, na biyar kuma aka rubuta masa 33 bisa kuskure. Idan aka tara aka raba biyar, sai a ce kowa ya haura kilo 9. Idan kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 3.2 za a samu. Kuskure ɗaya bai ɓata lissafin ba.

Layin tsakiya na jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 irin wannan lamba ce ta tsakiya. An gina shi kan awon yara sama da 8,000 a ƙasashe shida, har da Gana, daga 1997 zuwa 2003.

Amma a kula, lambar da ta fita daban ba a watsar da ita, sake awo ake yi. Idan hawan jini ya kai 140 bisa 90, za a sake aunawa. In kuwa akwai ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko zubar jini, kada ki jira ranar awo, domin jijjiga ba ta sallama.

Maigida, a taimaka da kuɗin mota. Tun 2016 hukumar ta ba da shawarar zuwa awo akalla sau takwas kafin haihuwa. Duk zuwan da aka tsallake, gurbi ne a layin. Ki adana katinki cikin leda, ki riƙa zuwa da shi. Allah Ya sauke ki lafiya.