Makon farko a Gambiya: Abin da 'yan sa-kan Najeriya ke tararwa

Tun shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Najeriya ke tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi aikin sa-kai zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Fasifik, a ƙarƙashin shirin da aka fi sani da TAC. An kafa shi ne lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje. Ayari-ayari ake tafiya, wa'adin aikin shekara biyu ne, kuma Gambiya na cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar waɗannan baƙi.

Jirgi kan sauke ayarin a filin jirgin saman Banjul, wanda ke garin Yundum, a wajen babban birnin. Gyaran farko na agogo ne, domin Najeriya na gaban Gambiya da awa ɗaya. Daga nan sai ƙanƙantar ƙasar ta fara bayyana: faɗinta kimanin murabba'in kilomita 11,000 ne, wato bai kai na Jihar Kano ba, kuma al'ummarta ba ta kai miliyan uku ba.

Ga wanda ya taso a Arewa, kwanakin farko kan zo da sauƙi. Mafi yawan jama'a Musulmi ne, kiran salla na tashi daga kowace unguwa. Shinkafar da suke kira benachin dafa-duka ce, domoda kuwa miyar gyaɗa ce, ga matasa a gindin bishiya suna dafa shayin ataya kamar a majalisun Kano ko Katsina. Turanci ne harshen hukuma. Sai baƙo ya ɗauka gida ya dawo, kuma a nan ne kuskuren ke farawa.

Turancin da ya wadatar a filin jirgi da ofishin ma'aikatar lafiya ba ya kai likita ko'ina idan ya zauna gaban tsohuwa mai jin Mandinka ko Wolof kaɗai. Dole ya dogara da ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasa ta yi masa tafinta, wanda ke nufin aikinsa na rataye ne da irin mu'amalar da ya yi da ita tun ranar farko. Hatta Bafulatanin Yola, da ke murnar jin akwai Fulani a ƙasar, zai tarar cewa Fulatancinsu, wanda ake kira Pulaar, ya sha bamban da nasa a kalmomi da lafazi. Wanda ya sauka da tunanin cewa daga babbar ƙasa ya zo domin ya koyar, abokan aiki kan gane haka tun a gaisuwarsa, kuma ba su cika mantawa ba.

Sai batun masauki, wanda ya fi komai tayar da jijiyar wuya. A tsarin shirin, Najeriya ce ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓi baƙin kuma ita ke ba su wurin zama. Don haka idan gida bai kammala ba, ko babu gado, ƙorafin na ma'aikatar da aka tura mutum ne, ofishin jakadancin Najeriya iyakarsa shiga tsakani. A kasuwar Serekunda kuma, sabon zuwa kan riƙa juya kowane farashin dalasi zuwa naira a zuciyarsa, lissafin da ba ya nuna masa tsada ko araha na gaskiya, sai ya ga yadda alawus ɗinsa ya kai ƙarshen wata.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne makon farko a bakin teku ake yin sa, cikin iska mai sanyi, tare da 'yan uwa da ake cin abinci a kwano ɗaya. Da an raba takardun wurin aiki, ayarin ya watse. Wanda ya faɗa asibitin koyarwa na Edward Francis Small zai zauna a yankin Banjul. Wanda aka tura Farafenni zai samu kansa a arewacin Kogin Gambiya, kusa da gadar Senegambiya da aka buɗe a 2019. Mai zuwa Bansang ko Basse kuwa tafiyar sa'o'i ce zuwa gabashin ƙasar, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne ɗan Najeriya a sashen da zai yi aiki.