Masu Yini a Abuja, Su Kwana a Nasarawa

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu gabashin Abuja, bisa hanyar nan da ta tashi daga shataletalen AYA na Asokoro, ta gangara tudun Kugbo, ta ratsa Nyanya, ta ƙetare iyaka ta shiga Mararaba, sa'an nan ta miƙe ta Ado da Masaka har Keffi, domin mu duba halin zaman mutanen da ke yini a babban birnin tarayya suna yi masa hidima, amma in dare ya yi sai su kwana a wata jiha dabam, cikin ɗakunan da ba nasu ba.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sa'ad da Janar Murtala Muhammad ya yi shelar cewa za a ɗauke fadar mulki daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, hujjoji biyu aka fi kafawa: na farko Legas ta cika ta batse, na biyu kuwa ana bukatar wuri a tsakiyar ƙasa wanda babu wata babbar ƙabila da za ta bugi ƙirji ta ce nata ne. Aka zana taswirar birnin a 1979, aka yi ƙaura ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Sai dai masu zanen, duk da hikimarsu wajen tsara tituna da lambuna da mazaunin manya, ba su ba wata mas'ala haƙƙinta na nazari ba, watau inda masinja da direba da mai gadi da malamin firamare za su sa haƙarƙarinsu bayan an tashi daga aiki. Nyanya kanta sansanin leburorin da suka gina birnin ce tun asali. Da ta cika, sai jama'a suka malala gaba, suka shiga gonakin Gbagyi da Gwandara na ƙasar Karu, wadda a lokacin tana cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, musamman na Idu da Karmo, tare da hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006, ya ƙara turo dubban iyalai wannan nahiya. Gona ta zama fuloti, fuloti ya zama jerin ɗakuna masu fuskantar juna, galibi ba tare da an bar wa kwata ko mota hanya ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Karu mutum 200,000 da 'yan kai, adadin da duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Mararaba da sassafe zai yi wa murmushi yau.

To, wanda Allah ya kawo wannan wuri yana neman matsuguni, da dillali zai fara, kuma tun kafin ya ga ƙofar ɗaki za a karɓi kuɗin zuwa dubawa, ko ɗakin ya yi masa ko bai yi ba. In ya yi masa, sai a karanto masa sharuɗɗa: kuɗin shekara guda cur a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai na shekara biyu, la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi 10 ce cikin 100, wani kashi 10 na lauyan da sau da yawa ɗan haya ba zai taɓa sa shi a ido ba, sa'an nan kuɗin ajiya saboda ɓarnar da la'alla zai yi, wanda samunsa ranar tashi sai mai rabo. Malamanmu na fikihu, tun daga Risala har Muhtasar, sun yi bayanin kira'i da ijara, watau haya, dalla-dalla, suka shar'anta cewa lalle ne muddar ta zama sananniya, ladan ya zama sananne, amfanin da aka saya kuma ya samu. Muddar kam sananniya ce a Mararaba, ba a kuskure ranarta. Amma amfanin, wanda ya haɗa da rufin da ba ya yoyo da masai da ba ya ambaliya, shi ne ake yawan jayayya a kansa, domin da ɗan haya ya ce, "Ranka ya daɗe, damina ta matso, kwanon nan fa ya huje," amsar da ya saba ji ita ce, "Gyara da kuɗinka, ma yi lissafi," lissafin da ba kasafai ranarsa ke zuwa ba.

Babban zalunci a ganina, ko da yake ba mutum ɗaya ya ƙulla shi ba, shi ne a biya ma'aikaci wata-wata a kuma nemi haya daga gare shi shekara-shekara. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun daga 2024, ba shi da wata dabara face adashi, ko rance daga ƙungiyar ma'aikata, ko sayar da ɗan abin da uwargida ta adana. A 2022 an gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa na a mai da biyan haya wata-wata a birnin tarayya, aka yi ta muhawara a kansa. Amma ko da ya zama doka, ikonsa a Nyanya zai tsaya, mutumin Mararaba kuwa, wanda ya fi kowa bukata, yana taku kaɗan bayan iyaka. Adalci ya wajabta mu faɗi uzurin masu gidajen su ma, domin da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo da siminti, ba su da wani fansho abin dogaro sai waɗannan ɗakuna.

Mu leƙa cikin gidan. Ɗaki takwas ko goma, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, mitar wuta ɗaya. A ɗakin farko Bahaushe ne mai sayar da lemo a babbar kasuwar lemo ta Mararaba, kusa da shi Tibi ɗan sanda, sai Ibo mai shagon kayan gini, sai malamar asibiti 'yar Eggon, sai Bayarabe tela, can ƙurya kuma saurayi ɗan Igala mai yi wa ƙasa hidima. Ranar da takardar kuɗin wuta ta iso, nan ake zaman majalisa, kuma ƙa'idar rabon ba a kan ɗaki take ba, a kan kaya take: mai firji ya fi mai fanka biya, mai dutsen guga na lantarki a ƙara masa, wanda kuma aka kama da rishon lantarki a ɓoye ƙarƙashin gado, shari'arsa sai ta kai dare. Ana yin ta da Hausa da Turancin buroka a cakuɗe, kowa na kiran matar maƙwabcinsa da sunan ɗanta na fari. Ruwa kuwa na 'yan garuwa ne, masu turo kura da jarkoki daga rijiyar burtsatse, farashinsu na hawa da rani ya sauka da damina. Shara da wankin bayan gida bi da bi ake yi, an rubuta sunaye da alli a jikin bango.

Ba za mu ce zaman babu tsami ba. Lasifikar majami'a mai kwanan addu'a da ta masallaci mai wa'azin dare duk sun hana wani barci, akwai kuma masu gidan da ke tambayar addinin mutum ko garinsu kafin su ba shi makulli, da waɗanda ba sa ba macen da ba ta da aure ɗaki ko da ta fi kowa kamun kai. Duk da haka, a wannan tsakar gida ne naman layya ke shiga ɗakin Kirista, shinkafar Kirsimeti ta shiga ɗakin Musulmi, matar da naƙuda ta kama da tsakar dare kuma a kai ta asibiti a motar wanda ba ya jin yarenta. Malamai sun kasa maƙwabta kashi uku, suka tabbatar wa maƙwabcin da ba ɗan'uwa ba, ba kuma Musulmi ba, haƙƙinsa na maƙwabtaka cikakke. Mutanen waɗannan gidaje, waɗanda akasarinsu ba su karanta babin ba, larura ta sa suna aiki da shi kullum. Haɗin kan da aka gina Abuja dominsa ya fi samuwa a nan bisa ga Maitama, inda mutum kan shekara bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba.

Sauran magana ta hanya ce, kuma ita ce ke cinye rangwamen da aka samu a haya idan aka kwatanta da ta cikin Abuja. Tafiyar Mararaba zuwa cikin birni, da ba ta fi kilomita 20 ba, wadda ran Lahadi ake yin ta cikin rabin sa'a, ran Litinin takan ci sa'a biyu ko fiye, saboda haka da yawa a bakin titi suke sallar Asuba, yara kuma su tashi ba su ga ubansu ba, su yi barci bai dawo ba. Bayan bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, wanda ya hallaka fiye da mutum 70, galibinsu masu sammakon zuwa aiki, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, da wanda ya biyo baya ranar 1 ga Mayu, shingayen bincike sun ƙara wa gosulon tsawo na shekaru. Sa'an nan janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, har wasu ƙananan ma'aikata suka koma kwana a ofis daga Litinin zuwa Juma'a. Jirgin ƙasan cikin birni da aka buɗe a 2018 ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa, bai waiwayi gabas ba. Dokar harajin albashi ta ce jihar da mutum ke zaune ita ke da harajinsa, hukumomin Nasarawa kuwa sun daɗe suna kukan cewa abin da ke isa gare su bai kai yawan masu kwana a ƙasarsu ba.

A halin yanzu Mararaba ita ma ta fara fin ƙarfin waɗanda suka raya ta. Duk shekarar da mai gida ya aiko da takardar ƙari, sai ka ga a-kori-kura ɗauke da katifa da tukwane ta nufi Masaka, ko Auta Balefi, ko Keffi mai nisan kilomita 50 daga ofis, kafin la'asar kuma dillali ya kawo wani ya duba ɗakin.