Motar lantarki: Abin da ɗan kasuwa ke dubawa kafin ya ciro kuɗinsa

Daga Kukuo, Tamale

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mata masu ginin tukwane a nan Kukuo ya san cewa mai saye ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa tukunya ta ji ƙararta. Haka ɗan kasuwa yake yi wa mota, sai dai shi tambayoyi uku yake ƙwanƙwasa ta da su: ina zan samu kayan gyaranta, wane fita ne ya san cikinta, kuma ranar da na matsu nawa za a saye ta a hannuna? A kan waɗannan tambayoyi ne sunan kowace mota yake tashi ko ya faɗi a tashoshinmu, kuma su ne ke jiran motar lantarki da ake ta yayatawa.

Suna linzami ne

Tun daga kasuwar Aboabo har zuwa Paga, Bawku da Sinkase, idan aka zo hirar mota da wuya a tashi ba a ambaci Toyota ba. Jama'a na ɗaukarta tamkar kuɗi a aljihu, domin ko a Suame Magazine ta Kumasi, ko a Abossey Okai ta Accra, ko a shagunan Tamale, ba a rasa kayanta, sabo ko na hannu. Masu jigilar fasinja da kaya kuwa sun daɗe da amincewa da Sprinter ta Benz saboda ɗaukar nauyi da doguwar tafiya. Dattawa har yanzu suna tuna Fijo 504, wadda 'yan'uwanmu na Nijeriya suka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar a 1975.

Abin lura shi ne, yawancin masu yabon waɗannan sunaye ba su taɓa sayen sabuwa fil ba. Motocin da ke kan titunanmu akasari na hannu ne, waɗanda aka sauke a Tema, Lome ko Kwatano. Kamfanin Volkswagen ya fara haɗa motoci a Accra a 2020, Toyota ya bi baya a Tema a 2021, Nissan kuma a 2022, ga Kantanka ta gida, amma duk da haka ƙaramin ɗan kasuwa bai daina leƙa wurin dillalan na hannu ba, domin iya kuɗinka iya shagalinka.

Darasin babur

Sai dai ra'ayin jama'a ba dutse ba ne. Lokacin da baburan Caina suka fara shigowa Tamale, masu Yamaha da Honda kallon hadarin kaji suka yi masu. Yau fa? Haojue, Apsonic da Luojia sun cika gari, mata da maza kowa da nasa. Bajaj da TVS na Indiya su ne 'yan yalo-yalon da ke kai yara makaranta, Motor King kuma shi ke kwaso doya da masara daga ƙauye. Ba talla ce ta sauya zukata ba. Araha ce ta buɗe ƙofa, sannan kayan gyara suka wadata, yaran fita suka koyi aikin, har ya zama ko a ƙauye babur ya tsaya ba ya kwana a hanya.

Me ya jawo zancen lantarki?

Tsadar mai ce. A ƙarshen 2022, lokacin da darajar sidi ta zube, litar dizal ta haura sidi 23 a Gana. A watan Mayun 2023 kuma Nijeriya ta janye tallafin fetur, abin da ya girgiza kasuwar mai a kan iyakokin yankin nan baki ɗaya. Tun daga nan duk mai abin hawa ya fara lissafi.

Motar lantarki ba ta shan fetur, ba a yi mata juyen baƙin mai, ba ta da fulogi ko salansa. Batir ne ke ba injinta ƙarfi, shi kuma caji ake yi masa kamar na waya. A watan Disambar 2023, a taron sauyin yanayi na Dubai, Shugaba Akufo-Addo na wancan lokaci ya ƙaddamar da manufar ƙasa kan motocin lantarki, kasafin kuɗin 2024 kuma ya yi alkawarin ɗage harajin shigo da na haya har shekara 8. Habasha ta wuce nan, domin a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai. A duniya kuwa BYD na Caina ya sha gaban Tesla na Amurka wajen yawan sayar da motocin batir a 2025. Akwai ma hannun ɗan Arewa a wannan fage: Jelani Aliyu, haifaffen gidan Sakkwatawa, shi ya zana siffar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamanin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta Nijeriya aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021.

Inda gizo ke saƙar

Daga Tamale zuwa Paga kusan kilomita 200 ne, zuwa Kumasi kuma ya kusa ninka haka. Mai ɗauke da tumatir ko albasa ba zai yarda ya tsaya neman wurin caji kaya na ruɓewa ba, kuma wanda ya ga zamanin dumso bai gama sakin jiki da wuta ba. Na biyu, batir shi ne mafi tsada a jikin motar, zafi kuma yana rage masa kwana, ga shi a watan Maris zafin Tamale kan kai digiri 40. Na uku, fitan da ya ƙware a kafireto bai san kan wannan aiki ba, kuma wutar batirin tana iya kisa idan aka taɓa ta da ka.

Wannan ne ya sa masu lura ke ganin ta ƙananan ƙafafu lantarki zai shigo mana. A Togo da Benin kamfanin Spiro ya baza babura masu batirin musanya: ɗan acaɓa ya miƙa wanda ya ƙare, a ba shi cikakke cikin 'yan mintoci, batirin kuma mallakar kamfani ne, don haka lalacewarsa ba ta kan mai babur. A Accra, Kofa na yin irin wannan, Wahu kuma na haɗa kekunan lantarki. Garin da babur da keke suka fi mota yawa kamar Tamale, kuma tafiyar yini ba ta wuce tsakanin gida, kasuwa da gona ba, ya dace da wannan tsari.

Kafin ka biya

Mai karatu, idan dillali ya kawo maka ta lantarki, musamman ta hannu, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Nemi a auna lafiyar batirin a gabanka, ka ji shekarun garanti a rubuce. Duba bakin cajinta, domin na Caina daban, na Turai daban, na Amurka daban. Tambayi inda mai gyara yake da nawa ne sabon batir. Sannan ka tabbatar da harajinta a wurin kwastan da kanka, kada ka dogara da an ce.

Ranar da aka ga shagon batir a Aboabo da yaron fita mai gyaran ta a Kukuo, ba sai an roƙi kowa ya saya ba. Kafin nan, a ci gaba da ƙwanƙwasa tukunya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.